Wandon Shiga Ruwa: Wanne Ya Dace Da Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Damina ta wuce, kogi ya fara ja da baya, tabkuna da gulabe sun fara tsukewa. Yanzu ne mutanen fadama su ke shiga ruwa gadan-gadan. Wani ya shiga jan taru, wani jefa birgi, wani dashen shinkafar rani, wani yankan kacala don a sami hanyar ruwa, wani kuwa kwashe tarwada a kududdufin kiwo. Ko wannensu ya kan wuni tsamo-tsamo, daga gwiwa har zuwa ƙugu, ba abin da ya raba fatarsa da ruwa sai ɗan gajeren wando.

A shagunan masu sayar da kayan kiwon kifi kuwa, a kan ga an rataye wani irin dogon wando na roba wanda a ka haɗe shi da takalmi, Turawa na ce masa weda. Mutum ya kan tsaya ya shafa shi, ya tambayi kuɗinsa, ya ji abin da ya fi ƙarfin aljihunsa, ya girgiza kai ya wuce. Wani kuwa ya daure ya saya, bayan kwana kaɗan ya dawo yana tsine wa mai shago, wai ruwa na shiga. Dukansu biyu sun yi hasara, na fari ya bar lafiyarsa a hannun ruwa, na biyu ya bar kuɗinsa a hannun ɗan kasuwa.

Magana ɗaya ce a nan. Wandon shiga ruwa ya cancanci kuɗinsa ga duk wanda abincinsa ya ke cikin ruwa, amma mai ƙaramin ƙarfi ya saya gwargwadon ruwan da zai shiga da zafin ƙasar da ya ke ciki. Kada suna ko ƙyalli ya ruɗe shi, kada kuma araha ta ja shi. Abin nema shi ne wandon da ɗigon ruwa ba ya ratsa shi. Sauran duk ƙari ne.

Inda abin ya samo asali

Kafin a yi ciniki, ya kamata a san don me a ka ƙago abin. Turawan ƙasashen sanyi, irin su Sikotland da Norwe da arewacin Amurka, suna da wata al'ada ta kama kifi da ƙugiya don nishaɗi. Su kan shiga tsakiyar rafi su tsaya sa'o'i, ruwan kuwa na narkakkiyar ƙanƙara ne daga kan duwatsu. Wanda ya tsaya cikinsa da fatarsa ba zai daɗe ba ƙafafunsa za su sandare. Saboda haka abokin gabansu sanyi ne, kuma duk dabarun da su ka yi ta ƙarawa a kan wandon nan don yaƙi da sanyi ne da neman jin daɗin tafiya.

A shekarar 1844 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya sami takardar mallakar dabarar dafa danƙo da farar wuta, yadda zai daina narkewa da zafi ko bushewa da sanyi. Daga nan ne takalman roba su ka yaɗu a duniya. A 1930 masanan kamfanin DuPont su ka haɗa wata roba mai suna niyofirin, wadda daga baya a ka riƙa yin ta kamar soso don ta riƙe ɗumin jiki. A 1969 kuma Bob Gore ya gano hanyar yin wani yadi mai ƙananan huji da ido ba ya gani, ruwa ba ya shiga amma tururin gumi yana fita, shi ne a ke sayarwa da sunan Gore-Tex. Ko wane mataki daga cikin waɗannan ya ƙara wa wandon tsada. To, manomin Hadeja ko masuncin Yawuri, me ya haɗa shi da ƙanƙara? In ya biya kuɗin maganin sanyin Norwe, ai ya biya kuɗin abin da ba ya damunsa.

Abokin gaba na ƙasar nan

Abin da ke jiran mai shiga ruwa a ƙasar nan ya fi sanyi mugunta, ga shi kuwa ido ba ya ganinsa. Shi ne tsargiya, cutar nan da ke sa fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsarta a jikin mutum a birnin Alƙahira cikin 1851, sa'an nan a 1915 wani masani mai suna Robert Leiper ya tabbatar, a can Masar ɗin, cewa ta hanyar katantanwar ruwa ta ke yaɗuwa. Ga yadda abin ya ke.

Mai cutar ya yi fitsari cikin tabki ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar su bi fitsarin su faɗa ruwa su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su nemi wata 'yar katantanwa wadda ba ta fi farcen yatsa ba, su shige jikinta. Bayan 'yan makonni sai su fito dubbai, suna iyo suna neman fatar mutum. Ba sai an sha ruwan ba, ba kuma sai mutum na da rauni ba. Cikin 'yan mintoci su ke huda lafiyayyar fata su shige, abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba. Daga nan su bi jini su girma, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwayayen nan ne ke kartar mafitsara, bayan wata biyu ko uku a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Akwai kuma wata irin da ke zama a jijiyoyin hanji, ta bahaya ta ke fita, ita ce ke kumbura hanta da saifa.

A wasu ƙauyuka har yanzu a kan ɗauki fitsarin jinin yaro alamar ya fara zama namiji. Wannan kuskure ne babba. Jini ne ya ke tsiyaya a banza, yaro ya rame, ya kasa karatu, babba ya kasa riƙe fartanya. In abin ya daɗe ya kan lalata ƙoda, ya kan kuma jawo ciwon daji a mafitsara. Mata masu dashe da masu wanki a bakin ruwa su ma ba su tsira ba, ya kan taɓa musu mahaifa. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da cutar nan ta fi yawa a duniya duka.

Madatsun ruwa sun kawo alheri mai yawa, ba mai musu. Kainji da a ka gama a 1968, Tiga a 1974, Bakolori a 1978, su ne su ka sa manomi ya ke girbi sau biyu a shekara, masunci ya sami kifi rani da damina. Amma ruwan da ya kwanta shekara zagaye, ga ciyawa ga kacala, shi ne gidan katantanwa. An ga haka a Gana bayan da a ka tare kogin Volta a Akosombo cikin 1965, fitsarin jini ya yawaita ƙwarai a ƙauyukan bakin tabkin. An kuma gani a Senegal, inda a ka gama madatsar Diama a 1986, bayan shekara biyu irin ta hanji ta ɓarke a garin Richard Toll. Saboda haka wanda noman rani ko kiwon kifi ya arzuta, shi ya fi kowa bukatar shinge tsakaninsa da ruwa.

Akwai magani, furazikwantel, wanda a ka samo a Jamus cikin shekarun 1970, har a kan raba wa 'yan makaranta kyauta. Yana kashe tsutsar da ke cikin jiki, amma ba ya hana wata sabuwa shiga gobe. Wanda ya sha magani yau ya koma tabki jibi ba kariya, tsugune ba ta ƙare ba. Ban da tsargiya kuma, ga matsattsaku, ga ƙayar kurungu da ta tarwada, ga fasasshiyar kwalba da tsohon gwangwani a ƙarƙashin taɓo, ga kututturen kacalar da a ka yanke. Rauni ɗaya a tafin ƙafa ya isa ya kwantar da magidanci mako biyu a tsakiyar dashe.

Daidai ruwa daidai tsaki

Wandon nan tsawo uku ne. Akwai takalmin ruwa da kowa ya sani, mai tsayawa a ƙasan gwiwa. Akwai mai kai wa cinya, ko wace ƙafa da nata, a kan maƙala shi a ɗamara da 'yar igiya. Akwai kuma mai kai wa ƙirji, mai maɗauri a kafaɗa. Ko wane ƙarin tsawo ƙarin kuɗi ne, ƙarin nauyi ne, ƙarin zafi ne, ƙarin wurin hujewa ne kuma.

To, kafin mutum ya tafi kasuwa, sai ya ɗauki sanda ya je inda ya saba aiki, ya auna zurfin ruwan, ya haɗa da zurfin taɓon da ƙafa ke nutsewa ciki, don mutane da yawa su kan manta da taɓo. Sa'an nan ya ƙara taƙi ɗaya saboda sunkuyo da fantsama. Abin da sandar nan ta nuna, shi zai saya. Mai ban ruwan albasa da tumatir, wanda ruwa ba ya wuce masa idon sawu, takalmin gwiwa ya ishe shi, ga shi kuma yana rage haɗarin saran kububuwa a kan hanyar gona. Mai dashen shinkafa da mai gyaran magudana da mai su a bakin gaɓa, mai kai wa cinya shi ne nasu. Ga yawancin mutanen fadama wannan shi ya fi dacewa, don ya fi sauƙin kuɗi, jiki na shan iska daga ƙugu zuwa sama, in an yi tuntuɓe kuma ba wuyar tuɓewa. Mai kai wa ƙirji sai wanda tilas ruwa ya kai masa ƙugu, kamar mai jan taru a kududdufin kiwo ranar kwasar kifi.

A kan ji mai shago yana cewa, "Alhaji, ɗauki dogon mana, ai in ka sami wannan ka huta, ko ina sai ka shiga." Maganar nan ta ƙarshe ita ce abin tsoro, za a zo kanta nan gaba.

Da me a ka yi shi?

Iri huɗu ne su ke zuwa kasuwa. Na fari shi ne na roba tsantsa, irin ta tayar mota, da yadi a ciki. Yana da nauyi, amma yana jure ƙaya da karce, in ya huje kuma mai facin keke na bakin kasuwa zai gyara shi da sholisho da guntun tsohon tub. Na biyu shi ne na yadin nailan da a ka shafe da roba irin ta tampol, wadda 'yan kasuwa ke kira PVC. Shi ya fi yawa, shi ya fi araha, bai kai na fari nauyi ba. Mai kaurinsa yana aiki sosai, amma akwai marar kauri wanda bai fi ledar shimfiɗa ba, wannan kam kuɗinsa sadaka ce ga mai shago. A lura kuma, sholishon mai faci ba ya kama shi da kyau, sai gam irin wanda masu haɗa tampol ɗin kiwon kifi su ke aiki da shi.

Na uku shi ne na niyofirin, mai laushi kamar soso, kaurinsa milimita 3 zuwa 5. In an shafa shi sai a ji kamar ya fi sauran daraja, a gwanjo kuma a kan same shi da sauƙi. Amma aikinsa riƙe zafi ne. A Sakkwato da Nguru da Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya kan wuce digiri 40. Wanda ya kulle kansa cikin soson roba daga ƙafa har ƙirji a irin wannan rana, ai ya shiga tukunya ya rufe. Gumi zai yi ta zuba, jiri ya ɗebe shi, kuma jiri a tsakiyar ruwa ba abin wasa ba ne. Sai fa da asubar hunturu, cikin Disamba da Janairu, zai yi ɗan amfani, amma mai ƙaramin ƙarfi ba ya sayen kayan wata biyu.

Na huɗu shi ne mai fitar da gumi, irin na Gore-Tex da makamantansa. Gaskiya ya fi duka daɗin sawa a lokacin zafi. Aibinsa uku ne. Tsadarsa ta ninka ta sauran sau da yawa. Yadinsa ba ya son ƙaya. Yawancinsa kuma ba takalmi a jikinsa, safa ce kawai ta niyofirin a ƙasa, sai an sayi takalminsa dabam, watau ciniki biyu ke nan, yashi kuma ya riƙa shiga tsakanin safa da takalmi yana cin ta. Mai kuɗin da ke kamun kifi don nishaɗi ya saya abinsa. Talaka ya tsaya kan na roba ko na tampol mai kauri, wanda takalminsa ke haɗe.

A duba tafin takalmin kuma. Ruwan ƙasar nan yawancinsa taɓo ne da yashi, saboda haka sai mai manyan haƙora kamar tayar tarakta. Akwai wani mai tafin dunƙulallen ulu, an yi shi ne don santsin duwatsu, a taɓo kuwa zamewa ya ke yi. Yana kuma daɗewa bai bushe ba, har ya kan ɗauki ƙwayoyin cuta da gansakuka daga wannan ruwa zuwa wancan. Don haka ne ƙasar Niyu Zilan ta hana masu kamun kifi da ƙugiya sa shi a rafukanta a 2008, jihar Maryland ta Amurka ta bi a 2011, Alaska a 2012. Mai kududdufin kiwo ya ɗauki darasi a nan, kada ya bar wando ya fito daga kududdufin da kifi ke mutuwa ya shiga nasa ba a wanke an shanya ba.

A bakin shago

Zuwa da kai ya fi saƙo. Kada a aiki yaro, kada a saya daga hoto a waya in da hali, wannan cinikin biri a sama ne. Mai saye ya tafi da safa mai kauri da tocila. Ya sa wandon a jikinsa, ya tsuguna kamar mai dashe, ya ɗaga gwiwa ya ɗora ƙafa a kan benci. In ya ji yana ja a tsakanin cinyoyi ko a gwiwa, ya yi masa kaɗan, kuma a nan zai fara yagewa. In ya yi yawa har yana tattarewa, cinya za ta riƙa gogar cinya har ya huje. Takalmin ya kama idon sawu, ya bar wa yatsu wurin motsi. Wanda ya yi sako-sako, taɓo zai riƙe shi ƙafa ta fito ita kaɗai.

Sa'an nan ya tuɓe shi ya bi ɗinki-ɗinki. Wuri uku ne ruwa ya fi shiga, watau inda takalmi ya haɗu da ƙafar wando, da tsakanin cinyoyi, da gwiwa. A juya cikinsa waje a ga ko an bi bayan haɗin da wani ƙyalle an manne, a ja da hannu biyu a ga ko zai buɗe baki. A lanƙwasa robar a wajen idon sawu, a matse. In ƙananan tsaga sun bayyana kamar faso, robar ta mutu tun tana shago, ko da ba a taɓa sa ta ba. Bayan wannan a shiga wuri mai duhu, a kunna tocila a cikin wandon, duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai bi ta nan. In mai shago ya yarda, a yi sharaɗi da shi gaban shaida, za a je gida a cika ƙafafun da ruwa zuwa gwiwa, in an ga danshi a waje za a dawo da shi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya san abin da ya ke sayarwa.

Gwanjo fa? Riga ta gwanjo in ta huje, ado kawai ta rage. Wandon ruwa in ya huje, amfaninsa duka ya tafi, gama tsutsar da ke huda fatar mutum hujin allura ma ƙofar gari ce a wurinta. Bature ba ya rabuwa da wandonsa mai tsada sai ya fara jin danshi a safa. Saboda haka sabo na tsaka-tsaki ya fi tsohon mai babban suna, sai fa in tsohon ya ci jarrabawar tocila da ta ruwa duka biyu.

Lissafin wata-wata

Araha ba ta ado. Hanyar gane mai araha na gaskiya ita ce a raba kuɗin da watannin da abin zai yi. Ga misali, ko da ya ke kasuwa hawa da sauka ta ke yi. A ƙaddara marar kauri naira 12,000 ne, ya yi wata 4 ya yage, ko wane wata ya ci 3,000 ke nan. A ƙaddara mai kauri 30,000 ne, ya yi shekara 2, watau wata 24, ko wane wata ya tashi 1,250. A ƙaddara kuma na masu nishaɗi 150,000 ne, ya yi shekara 3, ko wane wata ya haura 4,000. Ashe na tsakiya shi ne mai araha, na ƙasa da na sama duk tsada ne. In a ka ɗora kuɗin asibiti da kwanakin da ciwo ke cinyewa a kan wanda bai sayi kome ba, sai a ga shi ya fi kowa biya.

Wanda kuɗin ya yi masa yawa a lokaci guda, ya sa shi cikin lissafin kaka, ranar da ya sayar da shinkafa ko kifi, kamar yadda ya ke ware kuɗin taki. 'Yan ƙungiya kuma su kan iya yin adashi, ko su haɗa kuɗi su sayo da yawa a farashin sari. Dogon mai kai wa ƙirji, tun da ya ke ba kullum a ke bukatarsa ba, maƙwabta uku ko huɗu masu kududdufi su sayi biyu su riƙa karɓa-karɓa, muddin za a wanke a shanya tsakanin wannan da wancan.

Wandon da ke kare mutum ya kan kashe shi

A nan ne maganar mai shago ta "ko ina sai ka shiga" ta ke da haɗari. Wanda bai ji sanyin ruwa a jikinsa ba ya kan yi ta kutsawa, har ya taka rami, ruwa ya kwararo ta ƙirji. Mutane na cewa ruwan da ya cika wando shi ke jan mutum ƙasa. Ba haka ba ne daidai, don ruwan ciki bai fi na waje nauyi ba. Abin da ke faruwa shi ne, wandon ya buɗe baki kamar buhu, igiyar ruwa ta kama shi ta ja, ƙafafu su kasa bugun iyo. In mutum ya kai gaɓa kuma ya tashi fita, sai nauyin ya bayyana. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, dogon wando kuwa ya kan ɗauki abin da zai cika jarka ko fiye. Wa zai hau gaɓa mai santsi ko ya kama bakin kwalekwale da jarka ɗaure a ƙafafunsa?

Saboda haka ɗamara wajibi ce. In wandon bai zo da tasa ba, a nemi bel mai faɗi a ɗaure tamau a ƙugu ta waje, shi zai hana ruwa kwarara zuwa ƙafafu da sauri. Maɗaurin kafaɗa ya zama mai ɓallewa da hannu ɗaya, kada a maye gurbinsa da igiya a ƙulle. Kada a wuce ruwan ƙugu ko da wandon ya kai ƙirji. A riƙe sanda a riƙa taɓa gaba kafin a taka. Kada a shiga kogi mai gudu da shi, kada a sa shi cikin kwalekwale, kada kuma mutum ya shiga shi kaɗai ba kowa a gaɓa. In tsautsayi ya sa an faɗi, a kwanta rigingine, a tattaro gwiwoyi, a yi ta tuƙi da hannu zuwa gefe, a fita da rarrafe, a kwanta a ɗaga ƙafafu ruwan ya zube kafin a miƙe. Iya ruwa fid da kai, amma gwanin iyo ma in an ɗaure masa ƙafa ya zama baƙo.

Riƙo shi ne rabin kuɗin

Rana ita ce babbar mai kashe roba, sai man fetur da baƙin mai. Wanda ya jefa wandonsa a kan rufin kwano ya bushe, ko ya ajiye shi kusa da injin ban ruwa ko janareta, shi ya rage masa kwana da hannunsa. In an fito, a ɗauraye taɓon da ruwan rijiya, a rataye shi a inuwa inda iska ke bi, takalma a sama, ba tare da an ninke shi ba, don a kan ninki ya ke tsagewa. A juya cikinsa ya bushe shi ma, in ba haka ba gumi zai sa wari, ruwa ya ci tsakanin yatsu. A sa wando na auduga marar nauyi da safa a ciki kullum. A nisanta shi da ɓera. Kafin a zura ƙafa kuma a zazzage, kunama na son duhu da sanyi. Ƙaramin huji a tare shi ran da a ka gan shi, a wanke wurin, a bari ya bushe sarai, a kankare kaɗan, a yi faci ciki da waje.

Wani zai ce kakanni sun yi su shekara aru-aru ba su san roba ba. Gaskiya ne, sun kuma yi fitsarin jini shekara aru-aru ba su san dalili ba. Wani zai ce akwai irin sun da wando ba shi da wuri a cikinsa, kamar na masu homa da gora a bikin Argungu, inda sai an nutse gaba ɗaya. Wannan ma gaskiya ne, irin waɗannan sai su riƙa zuwa asibiti a auna fitsarinsu a ba su magani. Wani kuma zai ce ai hannu na cikin ruwa ko an rufe ƙafa. Haka ne, shi ya sa safar hannu ta roba mai kai wa gwiwar hannu ta ke abokiyar tafiyarsa, kuɗinta kuwa kaɗan ne. Game da zafi, a yi aikin ruwa da sassafe da la'asar sakaliya. Riba biyu ce, gama tsutsar nan daga hantsi zuwa azahar ta fi fitowa daga jikin katantanwa.

Wando shinge ɗaya ne kawai. Ranar da kowa ya daina fitsari da bahaya a bakin ruwa, a ka haƙa masai a ko wace unguwa, a ka sami rijiya ko famfo don wanka da wanki, ranar ce katantanwa za ta rasa abin ɗauka. Kafin a kai can, magidancin da ya auna ruwansa da sanda, ya sayi mai kauri daidai zurfinsa, ya gwada shi da tocila, ya ɗaura ɗamara, ya kuma rataye shi a inuwa, ya yi wa kansa da iyalinsa abin da ya fi ƙarin buhu biyu a rumbu. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba da rani mai albarka, Ya tsare masu nema a ruwa da tudu, amin.